Kofi Mai Jan Zare

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Zafi yau ba a magana. Tun hantsi ruwan randa ya ƙare, sai da na sake kiran mai ruwa. Ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki. Shekara da shekaru ina sayar da abinci a rumfar nan ta bakin ƙofar kamfanin fata, amma har yau hancina bai saba da warin Challawa ba. Ƙarya nake yi wa mutane da nake cewa na saba.

Habibu ya zo da aka tashi hutun rana. Yaron da na goya bayan rasuwar Inna, yau sai na ɗaga kai nake kallon fuskarsa. Ya ciro kofinsa daga jikin ƙusa, mai jan zaren nan, ya miƙo, na tsiyaya masa da moɗa. Ba ya tsoma shi a randa, ya san dokar. Ya ci rabin shinkafa da wake ya ture sauran.

Ya ce tun da aka ɗauki azumi bai sha giya ba. Ni ma ban ji warinta a jikinsa ba, kuma a kan wannan hancina ba ya kuskure. Amma dai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Alhamis, 25 ga Afrilu

An ƙara wa manja kuɗi kuma. Wallahi na gaji.

Ina wanke-wanke na lura zaren kofin ya koɗe, ya zama wani iri. Na tuna ranar da na ɗaura shi, daminar bara. Habibu ya shigo da tsakar rana yana tangaɗi, idanu jawur, ya ɗauki kofin da kowa ke sha ya kafa kai, rabin ruwan a rigarsa. Rumfa cike da mutane. Malam Idi, ladanin masallacin kamfani, ya tsame hannunsa daga tuwo ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Aina'u, ko mu ko shi. Ba za mu haɗa baki da mashayi ba.”

To Malam Idi in ya tashi ba shi kaɗai yake tashi ba. Duk waɗanda ke fitowa daga sallar azahar bayansa suke biyowa har rumfata, su ne cinikina. Da yammar ranar na zare zare daga gefen tsohon zanena na ɗaura wa kofi ɗaya, na kafa masa ƙusa daban.

Habibu ya taɓa gaya mini yadda shan ya faro. A sashen da ake jiƙa fatu aka sa shi, wurin ramukan nan da in ka tsaya a bakinsu sai hanjinka ya juya. Waɗanda ya tarar suka ce masa giyar nan ta leda, in ka kurɓa kaɗan, tana yanke warin a maƙogwaro. Wai magani. Maganin da ya kusa cinye mini ƙane.

Talata, 30 ga Afrilu

Ban son yadda Habibu ya manne wa Bulus. Tare suke aiki a injin juya fatu, tare suke fitowa, tare suke tafiya Panshekara. Kullum Bulus na zaro wani abu daga aljihu yana ba shi. Yau na zuba ido, ashe namijin goro ne. To yau namijin goro, gobe fa?

Matarsa Kande ce ke suyar doya da ƙosai a gefena. Ba ni da abin cewa a kanta, ita ke jire mini rumfa in na je salla. Amma su mutanen kudancin Kaduna ai kowa ya san abin a gidajensu ba komai ba ne.

Juma'a, 3 ga Mayu

Yau an yi abin da ya ɓata mini rai.

Ana tsakar cin abinci Bulus ya tashi, ya wuce kofunan da ke cikin baho, ya je ya ciro na Habibu daga ƙusa. Na ce, “Baban Samson, ba wannan ba, ga wasu nan.” Ya ce, “Wannan nake so, Maman Rumaisa.” Ya miƙo. Ya zan yi? Na zuba masa. Ya shanye a tsaye kowa na kallo, ya goge baki, ya mayar.

Na san abin da yake nufi, ni ba yarinya ba ce. Amma me ya jawo? Yana juya baya wani ya ce, “Ato, ai dama.” Aka kwashe da dariya. Malam Idi bai yi dariya ba, ya dai ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Shi ke nan, kofin da da na Habibu ne shi kaɗai, yau ya zama kofin mashaya.

Habibu ya sunkuyar da kai har ya gama. Ko ƙanzon da na ajiye masa bai tambaya ba, shi da tun yana yaro muke faɗa a kan ƙanzo.

Asabar, 4 ga Mayu

Da sassafe, kafin mutane su zo, na tare Kande. Na ce ta ja wa mijinta kunne, ƙanena yana fama da kansa, ba ya bukatar wanda zai koma da shi ruwa. Na faɗi maganganu, ban tauna ba.

Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki. “Bulus? Giya?” Sai kuma dariyar ta ɗauke, ta ajiye matsamin ƙosai ta juyo sosai.

Ta ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kai ta bakinsa ba. A cocinsu ko ɗanɗanawa ba a yi, kuma shi nasa ya wuce na coci, don burkutu ce ta kashe babansa, ya kumbura ya mutu a hannunsa. Ta ce a ƙauyensu in an yi gayyar noma ƙwarya ɗaya ce ke zagayawa, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa da shi. Wanda ya ƙi karɓa kamar ya ce ya fi ƙarfin dangi ne. Bulus ya ƙi. Ranar da aka binne babansa ma, baffanninsa ta saman kansa suka riƙa miƙa ƙwaryar, kamar babu mutum a wurin. Har yau in ya je gida shi kaɗai yake zama a gefe.

“A can an ware shi don ba ya sha,” in ji ta. “A nan kun ware shi don kun ce yana sha. To ki gaya mini, Maman Rumaisa, ina zai zauna?”

Namijin goron kuwa wai na yanke wari ne, shi Bulus da shi yake jurewa duk shekarun nan.

Na koma na hura wutata. Da rana na zuba mata miya ba ta roƙa ba, ta karɓa ba ta kalle ni ba.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ciwon baya. Ban je ko'ina ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na je Islamiyya. Bayan an tashi na tsaya na tambayi Malama, na ce wata ƙawata ce ta aiko ni. Na ce kofin da mai shan giya ya sha ruwa da shi, ya halatta wani ya sha?

Ta ce, “An wanke?”

Na ce an wanke.

Ta ce, “To mene ne tambayar?”

Na ce ai mutumin ma ya daina. Sai ta cire tabarau ta dube ni, irin kallon nan na wanda ya gane babu wata ƙawa. Ta ce giya haram ce, babu mai ja, amma wanda ya tuba Allah ya karɓe shi, su wane ne mu da za mu tsaya muna duba bakinsa? Ta ce a yi hattara kada a zama masu taya Shaiɗan aiki a kan ɗan'uwa.

Maganar ta zauna mini a ƙirji har gida. Amma ita Malama ba ta da rumfa, albashi take ɗauka.

Talata, 14 ga Mayu

Na yi ta maza na yi wa Malam Idi magana. Na bari sai da ya gama ya wanke hannu. Na ce, “Malam, yaron nan fa ya daina. Kuna ganinsa a masallaci.”

Ya ce yana ganinsa, a sahun baya, kuma yana yi masa addu'a. Ya ce shi ba ƙin Habibu yake ba. Akwai samari sababbin ɗauka da ake turawa bakin ramukan nan kullum, in suka ga wanda ya sha ya dawo an rungume shi kamar ba a yi komai ba, me zai hana su? Ya ce ƙusar nan wa'azi ce da ba ta bukatar lasifika.

Na ce, “To har yaushe, Malam?”

Ya ce, “Mu ga damina ta wuce tukuna.”

Daminar da ko saukowa ba ta yi ba. Abin haushin shi ne ban iya cewa ƙarya yake ba. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan jana'izar baban Rumaisa. Wato Habibu ne allon da za a riƙa koya wa yaran mutane karatu a kai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Habibu bai zo cin abinci ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Har yau bai zo ba. Na hango su a gindin dalbejiyar tsallaken titi shi da Bulus, suna shan garin kwaki a leda. Garin kwaki! Ni ina nan da tukunya cike. Na ba Kande kwano ta kai masa, ta dawo da shi a rufe kamar yadda na ba ta. Wai ya ce ya ƙoshi.

Ya rame. Wuyan rigarsa har yana zamewa.

Kofin na nan a ƙusa ya yi ƙura. Na wanke na mayar. Ban san ma don me na wanke ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Hadari ya haɗu ya watse. Sai zufa da ƙudaje.

Lahadi, 26 ga Mayu



Bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince wake Habibu ya fito daga shagon da yake kwana ya tsuguna nesa da ni. Ya ce, “Yaya, zan bar aikin.” Wai Jamilu na Dakata ya samo masa gurbi a tirela, za su riƙa kai kaya Legas. Ranar Alhamis za su tashi.

Jamilu! Wanda sau nawa ana ɗauko su tare a bayan garejin manyan motoci, ba wanda ya san inda kansa yake. Na watsar da waken na miƙe. Na ce ashe ba ka da hankali? Wata biyu kana wahala, za ka je ka zuba a kwata? Na ce in ka hau motar nan ka san abin da za ka koma, ni ma na sani. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ya bari sai da na gaji. Sannan ya ce, a hankali, “A can ko ba komai kofi ɗaya muke sha.”

Na ce to don Malam Idi ya yi magana shi ne za ka kashe kanka?

Ya ce, “Yaya, ni Malam Idi bai dame ni ba. Ba shi ya goya ni ba.”

Ya nuna wurin wanke-wanke. Ya ce, “Kwanona na gida fa? Kullum sai kin gama da na kowa kike wanke shi, da soso daban. Kin ɗauka ban gani? Ke kin taɓa shan ruwa da kofin nan ko sau ɗaya?”

Na ce ai don kasuwa ne, ka san yadda mutane suke.

Ya ce, “Nan gidan ma kasuwa ce?”

Ya tashi ya shige shago ya ja ƙofa. Na tsuguna ina tsince waken daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina kuka kamar wata sakarya. Soson nan kuwa yana nan a saƙale a jikin katanga, kore, ban san ma yaushe na fara ware shi ba. Ban taɓa zama na ce zan yi ba. Ƙyama ce kawai ta shige ni tun ranar da na wanke amansa, ta ƙi fita.

Litinin, 27 ga Mayu

Ban yi barcin kirki ba. Na ƙona miya, abin da rabona da yi tun ina amarya.

Bulus ya tsaya bayan an watse. Tun maganar da na yi wa Kande ba mu haɗa ido sosai ba. Ya tsaya daga bakin rumfa yana juya hularsa a hannu. Ya ce ranar Asabar Habibu ya sayi giyar leda ɗaya. Ya ce bai sha ba. Yini guda tana aljihunsa, yana aiki yana taɓa ta. Da aka tashi ya miƙa masa ya ce, “Riƙe mini wannan.” Shi kuma ya fasa ta a kwata.

Ya ce, “A mota babu wanda zai miƙa wa, Maman Rumaisa.”

Na ce na sani.

Ya ce, “Ranar nan na so in gyara ne, sai na ƙara ɓatawa. Bakina ba shi ne zai wanke kofin nan ba. Ni a wurinsu dama can...” Bai ƙarasa ba.

Na ce to me kake so in yi, in rufe rumfa mu ci ƙasa? Rumaisa na makaranta, haya na jirana. Na faɗa da zafi, alhali mutumin bai ce in yi komai ba. Ya sa hularsa ya ce Allah ya ba mu alheri.

Na kira shi na ce ya dawo ya karɓi abinci. Na ce, “Abin da na gaya wa Maman Samson, a bar shi.” Ya ce ai an bari tuntuni.

Na gaji da mutanen kirki, wallahi. Kowa na da gaskiya, ni kaɗai ce a tsakiya da ludayi.

Talata, 28 ga Mayu

Ba wani abu aka yi yau ba. Zafi ne dai.

Habibu ya shigo bayan azahar, lokacin da rumfa ta cika maƙil. Ba abinci ya zo ci ba, makullin shago ya kawo, wai in ba mai gidan haya in ya tafi. Ya ajiye a kan tebur ya tsaya kamar baƙo.

Ni kuma tun safe ina gaban wuta, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Ƙishirwa ce ta kama ni. Kofin da ke jikin ƙusa shi ne kusa da hannuna, shi ke nan. Akwai wasu a baho, amma sai na sunkuya, ga bayan nan nawa. Na ciro shi na tsoma a randa, don moɗar ma ban ga inda na ajiye ta ba. Na sha. Na sake tsomawa na sha, ruwa ne dai kamar kowane ruwa. Na cika na uku na miƙa wa Habibu na ce, “Ungo, kana tsaye kamar wanda aka aiko.”

Rumfa ta yi tsit, har ƙosan Kande ana jin yana soyuwa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana sha, kofin ya rufe masa fuska.

Na ɗauki ludayi na ɗanɗana miya kamar yadda nake yi kullum, da bakin nan dai nawa, gishiri ya ji. Na ce, “Malam, a ƙara muku?”

Malam Idi ya kalle ni, ya kalli randa. Bai ce a ƙara ba, bai kuma tashi ba. Ya cinye tuwonsa, ya biya, ya fita bai sha ruwa ba. Wasu daga cikin mutanensa sun bar abinci a kwano sun bi shi. Wasu sun zauna. Ko gobe za su dawo, Allah masani. Shinkafar da ta rage yau ta yi yawa, na raba wa masu gadi.

Kofin na jefa shi cikin baho da sauran. Ban cire zaren ba, ya riga ya kama jikin hannun, sai da wuƙa, ni kuma ba ni da lokaci. Ƙusar na rataye ludayi a kai. Da na dawo gida koren soson nan na ga ya tsufa, na yar.

Ban tambaye shi zancen mota ba, shi ma bai tayar ba. Ya zauna ya ci abinci, ya cinye tas, har ya ce miyar ta yi yaji, marar kunya. Da zai koma aiki ya ɗauki makullin daga kan tebur, wai akwai abin da ya manta a shagon.

Ya kai bakin rumfa ya juyo. “Yaya, ran Juma'a ki ajiye mini ƙanzo.”

Na ce in ka zo da wuri.

Alhamis motar za ta tashi.